Karatun ƙididdigar al'umma a ƙetare: Me Najeriya ke samu, me take asara?

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin wani shiri da mafi yawan 'yan Najeriya ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa da alƙalumansa ake tsara kusan duk wata manufa ta kiwon lafiya a ƙasar nan. Shirin shi ne Binciken Yanayin Al'umma da Lafiya, wanda masana suka fi sani da DHS, wanda hukumar USAID ta ɗauki nauyinsa tun 1984, kuma ta hanyarsa aka gudanar da bincike fiye da 400 a ƙasashe sama da 90. A Najeriya an yi shi a 1990 da 1999 da 2003 da 2008 da 2013 da 2018, sai na baya-bayan nan da aka yi tsakanin 2023 da 2024. Daga cikinsa ne muke sanin yara nawa ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, da mata nawa ke haihuwa a hannun ƙwararru, da jihohin da rigakafi bai kai ga yaransu ba.

A daidai wannan lokaci ƙofofin da matasanmu ke bi su je waje su koyi wannan sana'a suna ta ƙara ƙunci. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya dakatar da tura malaman jami'a karatu ƙasashen waje daga 1 ga Janairun 2025, yana kafa hujja da tsada da kuma yadda wasu ke tafiya su ƙi dawowa. A watan Afrilun shekarar kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke tallafin karatu na yarjejeniyar musaya da ƙasashe irin su Rasha da Sin da Maroko da Aljeriya da Hungary. Ƙidayar jama'a kuwa, wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 aka ɗage, har yanzu shiru kake ji.

Idan aka haɗa waɗannan labarai wuri guda, tambaya ɗaya ce ke fitowa. Ƙasar da baƙi suka daɗe suna biya mata kuɗin ƙirga marasa lafiyarta, wa zai riƙa yi mata wannan aiki nan gaba, kuma a ina zai koye shi? Tambayar ta shafi ɗan kasuwar da ɗansa ya kammala digiri yana neman a tura shi Ingila, ta kuma shafi ma'aikacin gwamnatin da ke lissafin neman hutun ƙaro ilimi.

Mene ne ƙididdigar al'umma?

Fanni ne da ke amfani da lissafi wajen auna rayuwar mutane: haihuwa, mutuwa, aure, ƙaura, talauci, rashin aikin yi da cuta. Ginshiƙinsa shi ne sanin yadda za a ɗebi samfuri kaɗan a fahimci jimla mai yawa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san wannan ilimi a aikace. Ba ya zazzage buhu ɗari ya duba ƙwaya ɗaya-ɗaya. Yakan soka ƙarfe a buhuna daban-daban, sama da ƙasa da tsakiya, domin ya san mai kaya zai iya ɗora mai kyau a baki ya ɓoye mai tsakuwa a gindi. Aikin masanin ƙididdiga shi ne ya tsara inda za a soka ƙarfen a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, sannan ya faɗi iyakar kuskuren da ka iya kasancewa a cikin sakamakon. Binciken 2018, alal misali, gidaje kusan 40,000 kawai ya shiga, amma da yake an zaɓo su bisa ƙa'ida, ya ba da hoton kowace jiha.

Wannan hoto kuwa ba na wasa ba ne. Binciken ya nuna cewa cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. Da aka rarraba jiha-jiha sai aka ga a Ogun 30 ne, a Kebbi kuwa 252. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin na ƙasa ya sauko zuwa 110, amma yaran da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki sun ƙaru daga kashi 37 zuwa kashi 40 cikin ɗari. Ba domin irin wannan aiki ba, da gwamna da ɗan adawa kowa zai faɗi son ransa, babu mai raba gardama.

Inda alƙaluma suka sauya hukunci

Misalai uku na cikin gida sun isa su nuna cewa wannan fanni yana taɓa rai da dukiya kai tsaye.

Na farko shi ne cutar ƙanjamau. Shekaru da yawa ana kiyasin cewa mutum sama da miliyan uku ke ɗauke da ƙwayar cutar a Najeriya, kuma akasarin kiyasin ya dogara ne ga gwajin mata masu juna biyu da ke zuwa awo a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. A 2018 aka yi babban bincike gida-gida a dukkan jihohi, aka gwada jinin mutane a gidajensu. Sakamakon da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2019 ya nuna mutum miliyan 1.9 ne, wato kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49. Cutar ba ta ragu da rabi cikin dare ɗaya ba, ma'aunin ne aka gyara. Da gyaran ma'aunin aka san jihohin da ya kamata a karkatar da magani da ma'aikata, irin su Akwa Ibom da Binuwai da Ribas.

Na biyu shi ne gubar dalma a Zamfara. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Da masu bincike suka bi gida-gida suna ƙirgawa a ƙauyuka biyu, sai suka tarar kusan ɗaya cikin kowane yaro huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda, kuma mutuwar ta fi yawa a gidajen da ake daka duwatsun zinare. An kiyasta yara kusan 400 suka rasu. Babu wata takardar shaidar mutuwa da ta fallasa wannan annoba, domin babu wanda yake rubuta ta.

Na uku ya fi faranta rai. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. A watan Mayun 2023 aka wallafa sakamakon wani gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta jagoranta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 210,000. An raba asibitocin gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka ci gaba da yadda suka saba, rabi kuma suka riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, su kuma haɗa dukkan matakan agaji lokaci guda da zarar ya kai iyaka. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci aikin a Najeriya, kuma mujallar Time ta sanya ta cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya a 2024. Likitoci da ungozoma ne suka yi aikin a ɗakin haihuwa, amma masana ƙididdiga ne suka ƙayyade yawan asibitocin da ake buƙata, da yadda za a jefa ƙuri'ar, da hujjar cewa bambancin da aka gani ba dace ba ne kawai.

Ƙasar da ba ta san yawanta ba

Duk da haka, tushen da ake gina waɗannan bincike a kai ya tsufa. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da ɗoriya. Ƙa'idar duniya ita ce a yi bayan kowace shekara goma. Tarihinmu da ƙidaya kuwa cike yake da rikici: an soke ta 1962 aka sake a 1963, aka soke ta 1973 baki ɗaya, ta 2006 ma har yau Legas da Kano ba su daina ja-in-ja a kanta ba, domin da yawan jama'a ake rabon kujeru da kuɗin tarayya. Duk wani adadi da ake faɗa a yau kiyasi ne da aka ɗora a kan kiyasi. Shi ya sa wani lokaci za a ji ƙaramar hukuma ta ba da rahoton yi wa yara fiye da kashi ɗari cikin ɗari rigakafi: adadin yaran da aka raba da shi ne ba daidai ba.

Rajistar mutuwa ta fi muni. WHO ta ce a yankin Afirka kashi 10 cikin ɗari kacal na mace-mace ake yi wa rajista. A arewacin ƙasar nan, inda ake sallar gawa a binne cikin sa'o'i kaɗan kamar yadda addini ya tanada, akasarin masu mutuwa a gida babu inda ake rubuta su, balle dalilin mutuwarsu. Wannan ne ya sa ake da alƙaluma biyu masu nisa da juna a kan mutuwar mata wajen haihuwa. Binciken 2018, wanda ya dogara ga tambayar mata labarin 'yan'uwansu mata da suka rasu, ya samu 512 cikin kowace haihuwa 100,000. Kiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ce 1,047, wato mata kusan 82,000 a shekara, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Kowane ɓangare yana da hanyarsa da hujjarsa. Abin tambaya shi ne ko a ma'aikatun lafiyarmu na jihohi akwai mutum nawa da za su iya zama su warware wa kwamishina dalilin wannan tazara.

'Yan kasuwa ma sun ɗanɗana irin wannan ruɗani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024, sai ga kashi 24.48 a Janairun 2025, alhali mudun shinkafa bai san an yi ba. Abin da ya faru shi ne an sauya shekarar da ake kwatantawa da ita da kuma kwandon kayayyakin da ake aunawa. Haka rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023, bayan an koma ma'aunin da ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Sauye-sauyen suna da madogara a ƙa'idojin duniya, amma rashin masu yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji ya sa aka ɗauke su a matsayin ƙarya tsagwaronta.

Me ake zuwa nema a waje?

Ba za a ce babu fannin a gida ba. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana da tsohon sashe na nazarin yawan jama'a da ƙididdigar al'umma, Jami'ar Ibadan tana da sashen nazarin annoba da ƙididdigar lafiya, Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan kuma suna cikin shirin horar da masu bin diddigin cututtuka da aka fara a 2008. Ɗaliban wannan shiri na cikin waɗanda suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar Ebola a 2014, har aka tsayar da annobar a kan mutum 20. A Kano kuma akwai cibiyar nazarin lafiyar al'umma da manufofi ta Jami'ar Bayero, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa.

Abin da ke jan matasa zuwa wurare irin su Jami'ar Southampton, wadda ta yi suna a ƙididdigar al'umma, ko Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, wadda aka kafa tun 1899, ko Jami'ar Michigan a Amurka, shi ne yadda ake koyarwa. A can ɗalibi yana aiki da bayanai na gaske tun makon farko, yana rubuta umarni a manhajoji irin su R da Stata, yana zama ƙarƙashin malamin da ke tsakiyar bincike, kuma digiri na biyu na shekara ɗaya yana ƙarewa a shekara ɗaya. A gida sau da yawa ɗalibi yakan haddace ƙa'idoji a allo, ya kammala bai taɓa tsaftace bayanan gida ɗari ba, ga yajin aiki, kamar na 2022 da ya cinye wata takwas. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar shaida, wato sanayya. Kuɗin binciken lafiya akasari daga waje suke fitowa, daga gidauniyoyi irin su Wellcome da Gates, kuma wanda ya zauna da masu rubuta takardun neman tallafin ya fi sanin ƙofar shiga.

Lissafin aljihu

Sai dai kuɗin ya zama abin tsoro. Kafin watan Yunin 2023 ana sayen dala a farashin gwamnati a kan naira 460 da wani abu. A 2024 ta haura naira 1,500, fam ɗin Ingila kuma ya haura 2,000. Kuɗin makaranta na digiri na biyu ga baƙo a manyan jami'o'in Birtaniya yakan tashi daga fam 20,000 zuwa sama da 30,000, ban da masauki da abinci da kuɗin biza da harajin lafiya na fam 776 a shekara. Idan aka haɗa, maganar naira miliyan 60 zuwa sama ake yi domin shekara guda. A 2024 an ga ɗaliban Najeriya da wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila ta dakatar saboda ajiyarsu ta naira ta narke kafin su gama biya.

Dokokin shige da fice ma sun tsananta. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyalansu, abin da ya fi shafar magidanta da matan aure. A watan Mayun 2025 ta bayyana shirin rage izinin zama a yi aiki bayan kammala karatu daga shekara biyu zuwa wata 18. Amurka kuma a watan Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya.

Saboda haka duk uban da ke tunanin sayar da shago ko fili domin wannan karatu, ya kamata ya tsaya ya yi lissafi irin na kasuwa. Albashin mai nazarin bayanai a Najeriya ba zai mayar da naira miliyan 60 cikin 'yan shekaru ba. Wanda ya ci bashi ya tafi, bashin ne zai hana shi dawowa. Hanyar da ta fi hankali ita ce tallafi. Akwai na Commonwealth, wanda ake nema ta hannun hukumar tallafin karatu ta tarayya, akwai kuma wani nau'insa da ake karatu daga gida ta intanet ba tare da barin aiki ba. Akwai Chevening, mai buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu da alkawarin komawa gida na shekara biyu. Jami'ar Hasselt ta Beljiyam ta daɗe tana horar da 'yan ƙasashe masu tasowa a ƙididdigar lafiya da tallafin gwamnatin ƙasar.

Kuma waje ba lallai sai Turai ba. Jami'ar Ghana tana da cibiyar nazarin yawan jama'a, RIPS, tun farkon shekarun 1970, takwararta ta masu Faransanci, IFORD, tana Yawunde, inda 'yan Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa. Cibiyar AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, tana kuma ɗaukar nauyin ɗalibanta. Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg tana jagorantar haɗin gwiwar horar da masana ƙididdigar lafiya na Afirka. Waɗannan wurare sun fi araha, kuma matsalolin da ake nazari a cikinsu sun fi kama da namu.

Abin da ba a koyo a Landan

Akwai ɓangaren sana'ar da babu jami'ar waje da za ta koyar. Mai tambaya ya shiga gida a ƙauyen Jigawa ya ce wa mace 'ya'yanta nawa, tana iya tsallake ɗan fari saboda alkunya, tana iya ƙin ambaton jaririn da ya koma kafin suna, wata kuma ba ta son ƙirga 'ya'ya sam saboda tsoron baki. A tambayi shekaru, sai amsoshi su taru a kan 30 da 35 da 40, domin mutane suna kintace ne. Namiji baƙo ba ya shiga gidan kulle. Dattawa kuma ba su manta ba cewa a da, ƙirga kawuna da shanu sharar fagen haraji da jangali ne. A kan wannan sai a ƙara tabon gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda ya taimaka wajen haifar da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana karkatar da alƙaluma, kuma manhaja ba ta gano shi. Wanda ya tashi a cikin al'ummar ne ya san yadda za a juya tambaya ta yadda uwa za ta amsa ba tare da an keta mata kunya ba. Wannan shi ne jarin da ɗan Arewa ke tafiya da shi waje, kuma shi ne dalilin da ya sa rashin dawowarsa ya fi ciwo. A yau sau da yawa matasanmu su ne masu yawo da waya suna cike tambayoyi a rana, ana biyansu kuɗin yini, bayanan su wuce Abuja ko Turai, sunayen wasu su fito a kan rahoton.

Bayan an dawo

Matakalar aikin a bayyane take. Akan fara da tattara bayanai, a koma kula da rumbunsu, a zama jami'in sa ido da auna ayyuka, sannan mai nazari. Wanda ke son ya jagoranci bincike da kansa sai ya yi digirin digirgir, ya wallafa a mujallun ilimi, ya koyi neman tallafi. Masu ɗaukar aiki sun haɗa da NBS, da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da hukumar daƙile cututtuka ta NCDC, da cibiyar binciken lafiya ta Yaba a Legas, da jami'o'i, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyoyin agaji. Bankuna da kamfanonin sadarwa ma suna zawarcin masu wannan ƙwarewa, kuma sun fi biya.

Raunin matakalar shi ne kusan duk ayyukan da ke da albashi mai kyau na kwantiragi ne, sun rataya a kan tallafin waje. Abin da ya faru da USAID a 2025 ya nuna haka, domin ma'aikata da dama sun wayi gari babu aiki. A gwamnati kuwa, kowace ma'aikata tana da sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga, amma a wurare da yawa ana yi masa kallon inda ake ajiye wanda ba a so. Wanda ya dawo da digiri daga waje aka ba shi teburi babu kwamfuta, babu kasafin fita fili, kuma babu mai tambayarsa kafin a yanke hukunci, ba a daɗe ba zai fara duba tallar aiki a Nairobi ko Janiba.

Ghana ta nuna cewa ana iya yin abin da ya fi haka. Cibiyar binciken lafiya ta Navrongo, a can arewacin ƙasar kusa da iyakar Burkina Faso, ta shafe shekaru tana bin haihuwa da mutuwa a gidajen yankin. A can ne aka yi gwajin da aka wallafa a 1996, wanda ya nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara da kashi 17 cikin ɗari, kuma daga can tsarin kai ma'aikatan jinya cikin ƙauyuka ya samo asali har ya zama manufar ƙasa. Cibiyar tana ƙarƙashin hukumar lafiya ta Ghana, ta kuma zama wurin da masu dawowa daga karatu ke samun aikin da ya dace da iliminsu. An fara irin wannan a Nahuce da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu a Zamfara a wajajen 2010 da tallafin waje. Yanki mai yawan jama'a irin Arewa yana buƙatar irinta da dama, da kuɗin gida.

Abin da ya rage a yi

Hujjar masu cewa a daina tura ɗalibai waje tana da ƙarfi: kuɗin mutum ɗaya a Ingila zai horar da mutum goma ko fiye a Zariya, kuma wasu ba sa dawowa. Amma rufe ƙofar baki ɗaya zai bar sassan jami'o'inmu suna maimaita abin da malamansu suka koya shekara ashirin da suka wuce, a fannin da ke sauyawa kullum. Matsakaiciyar hanya ita ce a yi digiri na biyu a gida ko a Afirka, a tura kaɗan da aka tace su yi digirin digirgir na haɗin gwiwa, inda ɗalibi zai yi wani ɓangare a waje amma bincikensa a kan bayanan gida, kuma kujerar aikinsa tana jiransa.

Jihohin da ke tura ɗalibai da kuɗinsu, irin Kano da ta farfaɗo da shirin tura mutum 1,001 zuwa Indiya da Uganda a 2023, suna iya ware gurabe ga ƙididdiga da nazarin annoba, su ɗaure su da aiki a ma'aikatar lafiya da hukumar ƙididdiga ta jiha. Gwamnatin tarayya kuma lokaci ya yi da za ta sanya binciken lafiya na ƙasa a cikin kasafinta. Ƙasar da ta yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, ba ta kuma taɓa cikawa ba, aƙalla ta iya biyan kuɗin sanin halin da take ciki. Rajistar mutuwa ma ana iya fara ta da abin da ke hannu, domin masu unguwanni da limamai da masu kula da maƙabartu sun san duk wanda aka binne.

Ga matashin da ke da sha'awa, shirin yana farawa tun kafin biza. Manhajar R kyauta ce, rahotannin binciken lafiya na Najeriya suna nan a intanet, kuma masu ba da tallafi sun fi sauraron wanda ya zo da tambaya takamaimai, misali dalilin da ya sa mata a ƙaramar hukumarsa ke zuwa awo amma su haihu a gida, fiye da wanda ya ce yana son ya taimaki ƙasarsa. Bisa al'adar shekara biyar-biyar, bincike na gaba zai faɗo ne a wajajen 2028. Waɗanda za su tsara shi, idan har 'yan gida ne za su yi, yanzu ne ya kamata a ce suna aji.